Waƙoƙin Daren Sanyi na Mutanen Japan

Mutanen ƙasar Japan, can gabas da ƙasar Sin, in za su ambaci tsararriyar magana irin wadda su ka gada tun kaka da kakanni, sai su ce waka. Mu kuwa mu ce waƙa. Harshensu da namu ba su haɗa dangi ba ko kaɗan, dacewa ce kurum. Amma tun da sunan ya zo kusa haka, ya kamata mu leƙa mu ga abin da ke cikin tasu. A nan ba dukan waƙoƙinsu za mu duba ba, gama ba su ƙidayuwa. Za mu ɗauki iri ɗaya ne tak, watau gajerun waƙoƙin da su ka yi a kan daren sanyi, da ɗumin da mutum kan samu a jikin wanda ya ke ƙauna. Za mu auna su, mu ga inda su ka yi kyau da inda su ka kasa.

Da fari sai mai karatu ya san ƙirarsu. Babbar cikinsu ana kiranta tanka, ma'anarta gajeriyar waƙa. Ɗango biyar gare ta, ba ƙari ba ragi. Ba ta da ƙafiya, gaɓoɓin kalmomi a ke ƙirgawa, kamar yadda mu ke raba kalmar tabarma mu ce ta-bar-ma, gaɓa uku. Ɗango na fari gaɓa 5, na biyu 7, na uku 5, na huɗu 7, na biyar 7, duka 31 ke nan. Mutum ya iya karanta ta da numfashi biyu. Daga baya a ka sami ƙanuwarta, wadda yanzu a ke kira haiku, ita gaɓa 17 ce kaɗai. Tsohon littafinsu na waƙoƙi, Manyoshu, wanda a ka gama tarawa bayan shekara ta 759, yana da waƙa wajen 4,500, kuma fiye da 4,000 daga ciki tanka ne. To, wanda a ka ba fili ƙanƙane haka, ba shi da damar yawo. Tilas ya zaɓi abu guda ya nuna, sauran ya bar wa mai sauraro ya cika da kansa.

Sa'an nan kuma sai a san irin sanyin da a ke magana. Birnin Kiyoto, inda sarakunansu su ka zauna tun daga 794 har 1868, yana cikin kwari ne, duwatsu sun kewaye shi ta fuska uku. Da bazara zafi da gumi, da hunturu kuwa raɓa ta kan daskare a kan ciyawa, wani lokaci dusar ƙanƙara ta rufe rufin gidaje. Gidajen manya na katako ne, ɗakuna manya-manya, ba bango mai kauri, sai asabari da labule da ƙyamaren da a ke ɗagawa. An gina su ne don shan iska da bazara. Abin jin ɗumi bai wuce kaskon gawayi ba. Auduga ma ba ta yaɗu a gonakinsu ba sai wajen ƙarni na 16. Mai hali ya sa rigunan alharini, wata kan wata. Talaka kuwa sai saƙar wani zare mai kama da rama, wadda iska ke ratsawa.

Ga kuma wata al'ada tasu ta wancan zamani, wadda in ba a san ta ba, ba a gane waƙoƙin. A gidajen manya, sau da yawa amarya ba ta tarewa. Tana nan gidan iyayenta, miji ne ke zuwa da dare, ya tashi kafin gari ya waye. In sun kwanta sai su shimfiɗa rigunansu, su lulluɓa da su tare, kowa ya yi matashi da hannun ɗan'uwansa. Da asuba kowa ya ɗauki rigarsa ya sa, su rabu. In mijin ya isa gida, wajibi ne ya aiko da waƙa. Saboda haka riga biyu a haɗe ita ce alamar ana tare. Riga ɗaya a shimfiɗe, mutum ya tada kai da hannun rigarsa, ita ce alamar an kwana shi kaɗai. Duk Bajapanen da ya ji an ambaci shimfiɗa gefe ɗaya na riga ya san abin da a ke nufi, ba sai an yi masa bayani ba.

Nan ne mu ka zo ga babban abin da na ga ya kamata a lura da shi. In ka bi waɗannan waƙoƙi ɗaya ɗaya, za ka tarar waɗanda su ka fi sa mutum ya ji ɗumin runguma, yawancinsu ba su ambaci runguma ba, ba su ma ambaci ɗumi ba. Sanyi su ke nunawa, da gurbin da babu kowa. Mai sauraro da kansa zai tuna abin da ya kamata ya kasance a gurbin nan.

Misali mafi shahara shi ne waƙar Fujiwara Yoshitsune, wanda a ka haifa cikin 1169, ya riƙe wa sarki mulki sa'ad da sarkin ya ke yaro, ya rasu cikin 1206 bai kai shekara 40 ba. Abu huɗu ya jera: kukan gyare, daren da raɓa ta daskare, 'yar tabarma, da riga mai gefe ɗaya a shimfiɗe. Ya rufe da tambayar kansa a kan kwanan kaɗaici. Shi ke nan waƙar. Bai ce yana kewar kowa ba, bai kira sunan mace ba, bai ce ya yi kuka ba. Amma dubi yadda ya tsara su. Ya fara da kunne, gama wanda barci ya ƙi ɗauka shi ke jin kukan gyare. Daga kunne ya sauko ga fata, watau sanyi. Daga fata ya sauko ga shimfiɗa. Sai a ƙarshe ya shiga zuci. Kafin mai sauraro ya kai ɗango na biyar ya rigaya ya kwanta a kan tabarmar nan. Har wa yau akwai wata hikima da ba ta fitowa in an juya waƙar zuwa wani harshe. Kalmar da ya kira tabarmar da ita, samushiro, a cikinta akwai samushi, watau sanyi. Kalma ɗaya ta yi aikin biyu, kuma wanda ke da gaɓa 31 kaɗai dole ya yi irin wannan tattali.

Wani ya iya cewa Yoshitsune ɗan aro ne, kuma ba ƙarya ya yi ba. Tabarmar da rigar ya ɗauko su daga wata tsohuwar waƙa ta cikin littafin Kokinshu, wanda a ka tara wajen 905 bisa umurnin Sarki Daigo, inda a ke tunanin wata mace a bakin gadar Uji tana jiran wanda bai zo ba. Tambayar ƙarshe kuwa ya ɗauko ta daga wata waƙa da a ke jingina wa Hitomaro, wadda ta kwatanta tsawon dare da doguwar wutsiyar wani tsuntsun dutse. A wurinsu wannan ba sata ba ce, hanya ce sananniya, kuma so a ke mai sauraro ya gane inda a ka yi aron. Abin tambaya kurum shi ne, mai aro ya ƙara wani abu? Ni a ganina ya ƙara. A tsohuwar waƙar, namiji ne daga nesa ya ke tausayin mai jira. Yoshitsune ya ɗauke ta ya kwantar da kansa a wurinta, ya zama shi ne mai jin sanyin. Tsakanin tausayin mai jin sanyi da jin sanyin akwai tafiya mai nisa.

Na biyu, waƙar wata mata da tarihi ya ke kira Uwar Micitsuna, da sunan ɗanta. Ta auri Fujiwara Kaneiye cikin 954, wanda daga baya ya zama mai riƙon mulkin ƙasar. Ita da kanta ta rubuta labarin aurenta a littafi. Cikin 955, ba a daɗe da haihuwarta ba, ta gane mijin ya sami wata a cikin gari. Farkon hunturu ya yi kwana uku bai zo ba. Bayan 'yan kwanaki, gab da asuba, ta ji ana buga ƙofa. Ta san shi ne, ta hana a buɗe. Ya juya ya tafi gidan waccan. Da gari ya waye sai ta aika masa da tanka guda, ta haɗa da wani fure da ya soma yaushi. Abin da ke cikin waƙar tambaya ce, ko ya san tsawon daren wadda ta kwana ita kaɗai. Nan ma akwai kalma mai baki biyu, gama a harshensu wayewar gari da buɗe ƙofa lafazi ɗaya ne. Watau tana ce masa, kai da ka kasa jiran ƙofa na ɗan lokaci, ni gari na ke jira kullum.

Wannan waƙa ta fi ta Yoshitsune zafi, gama akwai fushi a cikinta, akwai kuma girman kai. Ga mace tana son ɗumin mijinta, ga shi ya zo har ƙofa, amma ta zaɓi sanyi don kada ta zubar da mutuncinta. Duk macen da ta taɓa sauraron takun miji ya wuce ƙofarta ba ta bukatar tafinta a nan. Ta wajen tsari kuwa, a lura ba ta zage shi ba, ba ta ambaci kishiyar ba. Da ta yi, da waƙar ta zama faɗan safiya ɗaya, ta mutu tare da faɗan. Da ya ke ta tsaya ga tsawon dare, ga ta nan ana karantawa bayan shekara fiye da 1,000.

Amma kada a ɗauka ɗumin nan na miji da mata ne kaɗai. Waƙar da na fi so duk cikinsu ta uwa ce. Cikin 733 Japan ta aika da jakadu zuwa ƙasar Sin, jiragensu su ka tashi daga Naniwa, inda birnin Osaka ya ke yanzu. Tafiya ce mai hatsari ƙwarai, jirage su kan nutse, waɗansu iska ta kai su wata ƙasa dabam. A cikin matafiyan akwai wani saurayi, shi kaɗai uwarsa ta haifa. Ta yi masa waƙar ban kwana, tana nan cikin Manyoshu. A ɗan gajeren baitin da ta rufe da shi, ta tuna za a yi dare a saukar da su a fili, raɓa ta daskare a kansu. Sai ta juya ga manyan tsuntsayen sama, irin gauraka, ta roƙe su su rufa mata ɗanta da fikafikansu.

Dubi abin da ta yi. Hannunta ba ya kai wa ƙasar Sin, sai ta nemi aron abin da ke kai wa. Ba ta ce tana son ta rungume shi ba, gama ɗan ya girma, kuma uwa ba ta faɗin haka a bainar jama'a. Ta ɗora wa tsuntsu abin da ke ranta, kowa kuwa ya taɓa ganin yadda kaza ke rufe 'yan tsakinta. Ba ta ambaci nutsewar jirgi ba, ko da ya ke shi ne babban abin tsoro. Sanyi ta ambata, gama haka tunanin uwa ya ke, ɗanta ya ci, ɗanta ya rufa. Wannan mata ba ta cikin mawaƙan fada, amma ba wani ɗan fada da ya fi ta.

To, ashe ba mai faɗin ɗumin a fili ya dace? Akwai, amma kaɗan ne, kuma su ma da dabara. Basho, shugaban masu haiku, wanda ya rayu daga 1644 zuwa 1694, yana tafiya da hunturun 1687 tare da almajirinsa Etsujin, za su gai da wani almajirin da hukuma ta kora daga garinsa. Su ka sauka a masauƙi a garin Yoshida. A nan ya yi haiku wanda ya ɗora abu biyu a ma'auni, sanyin daren a gefe guda, kwanciyar ran kwana biyu-biyu a gefe guda, na biyun ya rinjaya. Kyaun waƙar shi ne bai musa sanyin ba. Da shi ya fara. Da ya ce abokin tafiya ya kore sanyi, da ya yi ƙarya, kowa kuma ya gane. Sanyi yana nan, tsoronsa ne ya tafi.

Bayan shekara 300 cif, cikin 1987, wata malamar makaranta mai suna Tawara Maci, haifaffiyar 1962, ta fitar da littafin tanka da harshen da a ke magana da shi a kasuwa da cikin jirgin ƙasa. An sayar da fiye da miliyan 2, abin da ba a saba gani ba ga littafin waƙoƙi. Ɗaya daga cikin waɗanda jama'a su ka fi haddacewa a kan sanyi ta ke. Mutum ya yi 'yar maganar sanyi irin wadda a ke yi kullum, na kusa da shi ya mayar masa da ita daidai, sai mawaƙiyar ta kira wannan amsawa ɗumi. Ita ta ambaci kalmar a fili, amma ta sa ta inda ba a zata ba. Ba bargo, ba wuta, ba ma taɓa jiki. Samun mai amsawa shi ne rungumar. Waɗansu sun ce waƙoƙinta sun cika sauƙi. Ni ban ga laifin sauƙi ba in ya faɗa daidai. Ƙaramin goro ya fi babban dutse.

Akwai kuma wata tambaya da mai karatu zai so ya yi, shin dole abin da mawaƙi ya faɗa ya zama ya faru? Buson, wanda a ka haifa cikin 1716, yana da haiku a kan mutumin da ya shiga ɗakin kwana ya taka matajin matarsa da ta rasu, sanyi ya ratsa shi har ƙashi. Mutane da yawa sun ji tausayinsa. Alhali kuwa sa'ad da ya yi waƙar matarsa tana da rai, shi ne ma ya riga ta rasuwa. Wannan bai rage waƙar da kome ba. Ba shaida ya ke bayarwa gaban alƙali ba. Abin da a ke bin mawaƙi shi ne ya san zuciyar ɗan Adam, kuma Buson ya sani. Ya san baƙin ciki ba ya sallama, ta tafin ƙafa ma ya kan shigo. Mataji abu ne da ya saba da ɗumin kai da hannu, ga shi yau a ƙasa, cikin duhu, ya yi sanyi.

Yanzu kuma sai mu faɗi aibinsu, gama wanda ya yabi abu bai faɗi aibinsa ba, maroƙi ne. Aibi na fari shi ne maimaici. Da a ka ga hannun riga da kwanan kaɗaici sun karɓu, sai kowa ya bi. A fada a kan yi gasar waƙa, a ba da kan magana, kowa ya tsara, alƙali ya yanke. Yoshitsune da kansa ya shirya wata wajen 1193, mawaƙa 12, waƙa 1,200. A irin wannan taro mutum ya kan yi kukan kaɗaici don an ce ya yi, ya jiƙa hannun rigarsa da hawayen da bai zubar ba. Mun ce ba dole abin ya faru ba, amma dole mawaƙi ya duba da idonsa. Buson ya ƙaga labari, amma matajin nasa ne. Waɗannan kuwa har idon ma aro su ka yi. Shi ya sa cikin 1898 wani mawaƙi, Masaoka Shiki, ya rubuta a jarida ya kushe littafin Kokinshu da masu kwaikwayonsa, ya ce a koma ga duban abin da ke gaban ido. Ya wuce gona da iri a wajen kushe, amma ciwon da ya nuna na gaskiya ne.

Aibi na biyu ya fi nauyi. Yawancin masu waƙoƙin nan manya ne, masu alharini da kaskon gawayi. Sanyinsu na zuci ne. Akwai waɗanda sanyinsu na jiki ne, kuma gaɓa 31 ba ta isa ta ɗauki labarinsu. Yamanowe Okura, wanda ya yi gwamna a lardi ya ga zaman talakawa, da ya tashi yin magana a kan wannan wajen 732, doguwar waƙa ya yi. Ya sa matalauci yana tambayar wanda ya fi shi talauci yadda ya ke kwana. A cikin amsar mu ka ga bukka ta karkace, iyaye tsofaffi ta wajen kai, mata da 'ya'ya ta wajen ƙafa, an cure wuri ɗaya, murhu ba hayaƙi, gizo-gizo ya yi saƙa a tukunya, ga kuma dagaci da bulala a bakin ƙofa. Nan ma jiki ya haɗu da jiki a daren sanyi, amma ba wanda zai kira shi daɗi. Gajeriyar waƙa ta iya nuna maka mutum yana rawar ɗari. Ba ta iya gaya maka wanda ya tuɓe masa riga. Wannan aikin doguwa ne, kuma ya kamata mai son gajeru ya san iyakarsu.

Duk da haka ba su mutu ba. Wajen 1235 Fujiwara Teika ya zaɓi mawaƙa 100, kowa waƙa ɗaya, kuma ta Yoshitsune da ta Uwar Micitsuna suna ciki. An mai da waƙoƙin nan wasan kati na sabuwar shekara, wadda ke zuwa a tsakiyar sanyi. Wani ya karanta farkon waƙa, sauran su yi rige-rigen cafke katin da ke ɗauke da ƙarshenta. Ta haka yaro kan haddace kukan gyaren nan tun bai san kaɗaici ba, sai ya girma wata rana ma'anar ta riske shi.

Saboda haka, ya kai mai karatu, in gajeriyar waƙa irin wannan ta zo hannunka, ko ta wace ƙasa ce, ko kuwa kai ne ka ɗauki alƙalami za ka gwada, ga ma'auni uku. Duba ko akwai abu guda da ido ke gani ko hannu ke taɓawa, kamar tabarma, ko ƙofa, ko mataji. Duba ko mawaƙin da idonsa ya gan shi, ko kuwa a bakin wasu ya tsinta. Sa'an nan duba ko ya bar maka wurin da za ka sa naka tunani, ko ya cika ko'ina da surutu. Wadda ta cika ukun nan, riƙe ta, ka karanta wa mutanen gidanka in an kewaye wuta da dare. Allah ya sa mu dace, amin.